Garin maca, kafso ko haɗi: wanne ya cancanci kuɗinka?

Wanda ya shiga neman maca a shagon kayan ƙarin lafiya ko a intanet zai tarar da abu ɗaya an yi masa shiga iri-iri. Ga ɗanyen gari a leda, ga garin da aka ce an dafa, ga kafso a kwalba, ga busasshiyar saiwa guda-guda, ga kuma kofi da zuma da sirof masu ɗauke da sunanta. Farashinsu ya yi hannun riga da juna, kuma kowane mai sayarwa nasa yake yabo. "Maka" ake furta sunan, kuma ba ita ce koren garin shayin Japan mai kama da ita a suna ba.

Maca saiwa ce daga dangin kabeji, masana tsirrai na kiranta Lepidium meyenii. Asalinta tsaunukan Andis ne a ƙasar Peru, musamman yankunan Junín da Pasco, a tsayin mita 4,000 zuwa 4,500, inda sanyi da iska ba sa barin yawancin amfanin gona su rayu. Ana shuka ta da faɗuwar damina, a tone bayan wata bakwai zuwa tara, sannan a shanya makonni da dama har ta ƙandare. Tun 1653 wani malamin coci ɗan Sifaniya, Bernabé Cobo, ya rubuta cewa mutanen wurin na danganta ta da haihuwa. Amma a wurinsu abinci ce kafin ta zama magani: su gasa sabuwa a rami da duwatsu masu zafi, su jiƙa busasshiya su tafasa su yi kunu, kuma a Lima, babban birnin Peru, ana sayar da ruwanta da zafinsa a bakin titi a matsayin karin kumallo.

Abu biyu ya kamata mai saye ya riƙe daga wannan tarihin. Na farko, masu ita ba sa cin ta ɗanya. Na biyu, da yawa ake cin ta, domin busasshiyar maca kusan kashi 60 cikin 100 sitaci ne da sukari, furotin kamar kashi 10, mai kuwa kashi 2 da ɗoriya. Abin da yake haka da giram ake auna shi. Duk kwatancen da ke tafe a kan waɗannan biyun ya tsaya.

Ma'aunan da za a bi

Kuɗin kowane giram. Kada a kwatanta farashin leda da na kwalba. A raba kuɗin da adadin giram ɗin maca da ke ciki. Yawancin gwaje-gwajen da aka yi a kan mutane sun yi amfani da giram 1.5 zuwa 3.5 a rana, na mako 6 zuwa 12. In an ɗauki giram 3, bukatar wata ɗaya giram 90 ce, ta mako 12 kuma kimanin giram 250.

Yadda ciki ke karɓa. Ɗanyen sitaci shi ke kawo kumburi da iska.

Ajiya. Laima ce babbar abokiyar gaba, sai zafi da ƙwari.

Sauƙin sha kullum. Abin da za a sha wata uku, in yana da wahalar haɗawa, a mako na biyu ake watsar da shi.

Haɗari. Ya ƙunshi inda aka noma ta, abin da aka cuɗa mata, da abin da aka yi kwanson kafso da shi.

Kafin a shiga zaɓin, ga iyakar abin da bincike ya nuna, don kada a sayi abu da tsammanin da ya fi ƙarfinsa. A 2002 Gustavo Gonzales da abokan aikinsa a Jami'ar Cayetano Heredia da ke Lima sun bai wa maza masu lafiya giram 1.5 ko 3 na dafaffiyar maca har mako 12. Sha'awa ta ƙaru daga mako na 8, amma testostaron, sinadarin mazakuta, bai motsa a jininsu ba. A 2008 wani ƙaramin gwaji a Ostireliya a kan mata 14 da haila ta ɗauke musu, da giram 3.5 a rana na mako 6, ya nuna raguwar damuwa da matsalar sha'awa, shi ma ba tare da canjin sinadaran jiki ba. Wani nazari na 2010 da ya tattara gwaje-gwaje huɗu ya ce hujjar tana nan amma ƙalilan ce, don mutanen da aka gwada ba su da yawa. Ke nan maca abu ne mai aiki a hankali, in ma ya yi, kuma ba ya warkar da rashin haihuwar da ke da sanadi a jiki.

Busasshiyar saiwa

Ita ce siffar asali, kuma ita ta fi daɗewa: in ta bushe sosai aka ajiye ta inda iska ke shiga, takan yi shekaru. Ana iya ganin launinta da ido, kuma da wuya a cuɗa mata wani abu. Aikinta ne ke da yawa. A wanke, a jiƙa ta kwana, a tafasa a ruwan jiƙon har ta yi laushin da cokali zai ratsa, wanda kan ɗauki awa biyu ko fiye, sannan a niƙa da ruwan dahuwar a sa madara ko zuma. Wanda ya jefa ta busasshiya a bilenda, wuƙar bilendar ce za ta ji jiki.

Akwai kuma batun asali. Tun 2003 dokar Peru ta hana fitar da maca guda-guda da ba a sarrafa ba, don kare irinta. Saboda haka saiwa ko yankakkiyar maca da ake gani a kasuwar intanet sau da yawa daga Sin take, musamman lardin Yunnan, inda aka faɗaɗa nomanta har farashi ya yi tashin gwauron zabi a 2014, ya kuma faɗi warwas bayan haka. Kasancewarta ta Sin bai sa ta zama jabu ba. Amma wanda ya sayar da saiwa guda da sunan "kai tsaye daga Peru" yana da tambayar da zai amsa.

Ɗanyen gari

Busasshiyar saiwa ce aka niƙa, shi ke nan. A yawancin shaguna shi ya fi araha a kowane giram. Ledar giram 250 za ta kai mako 12, ta giram 500 kuma ta haura wata biyar.

Matsalarsa daga yadda ake tallarsa take. Ana cewa a zuba a yogot ko a markaɗen 'ya'yan itace a sha haka nan, wai zafi na kashe amfaninsa, alhali manoman da suka gaji maca kaka da kakanni sai sun dafa. Wanda ya sha ɗanye, abin da ya fi fuskanta shi ne kumburin ciki, iska da murɗa, wani lokaci har zawo. Sannan saiwa ce da aka shanya a fili makonni, don haka ƙura, ƙwayoyin cuta da fumfuna na iya biyo ta, kuma niƙa ba ya kashe su. Ƙari a kan haka, kamar sauran dangin kabeji, tana ɗauke da sinadaran da kan iya takura wa aikin tayirod, ƙullin nan na wuya da ke kumbura ya zama maƙoƙo, musamman ga wanda aidin bai ishe shi ba. Dahuwa na rage wannan.

Gyaran mai sauƙi ne. A dama ƙaramin cokalin shayi ɗaya a shafe da ruwan sanyi kaɗan, a zuba a koko ko kunu yana kan wuta, a bar shi ya ɓararraka minti biyar zuwa goma. In aka zuba garin kai tsaye a ruwan zafi gudaji zai yi. Cokali ɗaya kimanin giram 3 ne, amma cokula sun bambanta, don haka a auna sau ɗaya a sikeli a san cokalin gida. Ɗanɗanonsa na da ƙarfi, akwai warin ƙasa da ɗan ɗaci. Citta, kirfa ko garin koko na rufe shi.

Wajen ajiya, ledar da ba a buɗe ba kan kai shekara biyu bisa kwanan da ke jiki. Da an buɗe, a juye a kwalba mai murfi, a nisanta ta da murhu, kuma kada jiƙaƙƙen cokali ya shiga. Da damina ya fi lalacewa. In ya dunƙule ya yi warin rima, a zubar.

Dafaffen gari

A jikin leda za a ga an rubuta "gelatinized". Wannan kalmar na tsorata masu kiyaye halal, amma babu jelatin na dabba a ciki ko kaɗan. Abin da ake yi shi ne a bi da garin ta inji mai zafi da matsi har sitacin ya dahu ya fashe, sannan a sake busarwa a niƙa. Wato dahuwar da za a yi a gida ce aka riga aka yi a masana'anta.

A kan ma'aunanmu, nan ne abubuwa suka fi daidaita. Ciki ya fi karɓarsa. Yana narkewa a madara, fura ko ruwan ɗumi ba sai an ɗora tukunya ba. Zafin ya rage ƙwayoyin cuta. Kuma da irinsa aka yi gwajin Lima na 2002, don haka wanda ya sha giram 3 nasa yana kusa da abin da aka gwada. Zafin kan lalata bitamin C da wasu sinadarai masu laushi, amma ba don bitamin C ake sayen maca ba. Lemo ya fi ta arha a wannan.

Farashinsa ya ɗara na ɗanye, sai dai bai kai na kafso ba. Rauninsa shi ne saurin jan laima, don haka ya fi ɗanyen bukatar kwalba mai rufuwa gam. A lura kuma da lambar rabo irin 4:1 ko 6:1 da wasu kamfanoni ke bugawa a leda, wato wai giram huɗu ko shida na saiwa ne suka ba da giram ɗaya na gari. Sau da yawa suna lissafi ne daga ɗanyar saiwa mai ruwa, wadda busarwa kaɗai ke zaftare mata mafi yawan nauyi. Kada wannan lambar ta sa a raba cokali gida huɗu.

Kafso

Iri biyu ne, kuma ana yawan rikita su. Akwai wanda gari ne kawai aka ɗura, akwai wanda aka tatso sinadaran aka tattara.

Na garin shi ne inda lissafi ke tona asiri. Kafso ɗaya yawanci miligiram 500 ne. Don a kai giram 3 sai an haɗiye shida a rana, wato 180 a wata. Kwalba mai guda 60 kwana goma za ta yi. In kwalbar ta ce a sha ɗaya ko biyu a rana, giram ɗaya ko rabinsa ke nan, ƙasa da mafi ƙarancin abin da aka gwada. Da yawa daga masu cewa sun sha maca ba su ga komai ba, ba su taɓa kai adadin ba. A duba kuma ko garin da ke ciki ɗanye ne ko dafaffe, domin kafson ɗanyen gari ba ya dafuwa, haka zai isa ciki.

Na tataccen sinadari kuwa ƙarami ne, ɗaya ko biyu a rana. Za a ga 10:1 ko 20:1, wasu har su rubuta dubban miligiram a gaban kwalba, alhali a baya ainihin abin da ke ciki 'yan ɗaruruwa ne. Rabon ba ya faɗin abin da aka tatso ko da me aka tatsa. Wanda ya fi nuna gaskiya shi ne mai rubuta kason makamaid, sinadarin da ya keɓanta da maca, wanda kuma yake samuwa a lokacin shanya. Ko shi ɗin, gwaje-gwajen da aka yi da tatacce ba su kai na gari yawa ba, kuma na kamfani ɗaya ba ya wakiltar na wani.

A nan ne batun halal yake da gaske. Kwanson kafso da yawa jelatin ne, na saniya ko na alade, kuma ba kullum ake bayyanawa ba. A nemi wanda aka rubuta kwanson tsiro ne, ko HPMC, ko mai tambarin halal. Haka ma ruwan maca na ɗigawa: da yawansu da barasa aka tatse su, a karanta jerin kayan haɗi.

Kafso ya yi fice a sauƙi. Babu ɗanɗano, babu awo, yana shiga aljihu. Amma shi ya fi tsada a kowane giram, kuma a ɗaki mai zafi da laima kwanson jelatin kan yi laushi ya manne da juna. Kada a jefar da ƙaramin ƙunshin tsotse laima da ke cikin kwalbar.

Haɗe-haɗe: kofi, zuma, sirof da ƙwayoyin "gyaran jiki"

Ta wannan ƙofar maca ta fi shigowa kasuwanninmu, cikin kayan mata, maganin ƙarfin maza da ƙwayoyin ƙara ƙugu da mazaunai. Kuma nan ne ta faɗi a kusan kowane ma'auni.

Ba a san giram nawa na maca ke ciki ba, don jimillar haɗin kawai ake rubutawa. Babu gwajin da ya nuna maca na ƙara girman wata gaɓa ta jiki. Giram 3 na gari bai kai ƙarfin loma ɗaya ta tuwo ba. To in abu ya yi aiki da gaggawa, me ya yi aikin? Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta sha gano sildenafil, sinadarin Viagra, a ɓoye cikin kayan ƙarfin maza da ake tallarsu a matsayin tsiro zalla, har da zuma da kofi da masu sunan maca. Alamarsa aiki cikin awa ɗaya, tare da ciwon kai, zafin fuska, toshewar hanci ko ganin shuɗi-shuɗi. Ga mai shan magungunan zuciya irin nitroglycerin ko isosorbide, wannan na iya faɗar da hawan jini har ya kai ga rasa rai.

A ɓangaren ƙiba kuwa, abin tsoro shi ne cyproheptadine da dexamethasone, dangin "sha ka fashe". Na farkon na kawo yunwa da barci mai nauyi. Na biyun na kumbura fuska, ya fasa fata da nankarwa, ya ɗaga sukari da hawan jini, kuma wadda ta daɗe tana sha ba ta dainawa farat ɗaya sai da likita. Lambar NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna ta Najeriya, ita ce matakin farko da za a duba, a kuma tantance ta a kundin Greenbook na hukumar, don ana buga lambar bogi. Ko ta gaske ce, rajistar kayan tsiro ba shaida ce cewa alƙawarin da ke jikin kwali gaskiya ne ba.

| Siffa | Kuɗin giram | Ciki | Ajiya | Sauƙi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Busasshiyar saiwa | Ya danganta da mai kawowa | Lafiya in an tafasa | Shekaru | Wahala | Ƙaryar asali, fumfuna |
| Ɗanyen gari | Mafi araha | Kumburi in ba a dafa ba | Har shekara 2 a rufe | Sai an dafa | Ƙwayoyin cuta, tayirod |
| Dafaffen gari | Matsakaici | Ya fi sauƙi | Yana jan laima | Mai sauƙi | Lambar rabo mai ruɗi |
| Kafson gari | Tsada | Ya danganta da garin | Yana gudun zafi | Mafi sauƙi | Adadi kaɗan, jelatin |
| Kafson tatacce | Tsada | Sauƙi | Yana gudun zafi | Mafi sauƙi | Ba a san ƙarfinsa ba |
| Haɗe-haɗe | Ba ya lissaftuwa | Ba tabbas | Ba tabbas | Mai sauƙi | Ɓoyayyen magani |

Rawaya, ja ko baƙa?

Launin na ɓawo ne, kuma gona ɗaya kan fitar da su duka. Rawaya ta fi yawa, shi ya sa ta fi araha. Maganar "baƙa ta maza, ja ta mata" ta samo tushe daga gwajin ɓeraye a Peru, inda baƙa ta fi ƙara yawan maniyyi, ja kuma ta rage kumburin furostet, ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsara, wanda ma ciwon maza ne. A kan mutane, bambancin bai fito ƙarara ba. Wanda kuɗinsa ke da iyaka, gara ya sa su wajen inganci maimakon launi. Garin baƙar maca ma ba baƙi ba ne, ruwan ƙasa ne mai ɗan duhu. In ya yi baƙi ƙirin, akwai abin da aka sa masa.

Ingancin da ake nufi shi ne takardar gwajin ƙarafa masu guba. Maca saiwa ce mai tsotsar abin da ke ƙasa, kuma yankin Pasco wurin haƙar ma'adinai ne, har garin Cerro de Pasco ya yi suna da gurɓatar dalma. Kamfanin kirki zai nuna sakamakon gwajin dalma da kadmiyam na rukunin kayan da ya sayar, da lambar rukunin a jikin leda. Tun 2011 Peru ta yi wa "Maca Junín-Pasco" rajistar sunan asali, amma sunan wuri ba ya maye gurbin wannan takardar.

Wa ya kamata ya ɗauki wanne

Mai juna biyu, mai shayarwa da ƙananan yara su bar ta gaba ɗaya. Ko hukumomin Sin da suka amince da garin maca a matsayin abinci a 2011 sun cire waɗannan. Mai ciwon tayirod, mai ƙarin mahaifa, mai tarihin sankarar mama ko ta mahaifa, da mai shan maganin hawan jini ko na zuciya, su fara ganin likita da ledar a hannu.

Ga yawancin sauran mutane, dafaffen garin rawaya shi ne zaɓin da ya fi hujja. A fara da rabin cokali na mako guda, a koma cokali ɗaya, da safe, don wasu takan hana su barci in sun sha da dare.

Wanda ke dama koko kullum kuma yana neman sauƙin kuɗi, ɗanyen gari ya ishe shi, muddin zai shiga tukunya. Matafiyi, ko wanda ɗanɗanon ya gagare shi, ya nemi kafson dafaffen gari mai kwanson tsiro, ya kuma yi lissafin guda shida a rana kafin ya biya. Tatacce ya dace ne kawai da wanda ba zai iya haɗiye shida ba, kuma ya sami kamfanin da ke bayyana kason makamaid da takardar gwaji. Busasshiyar saiwa ta mai son cin ta a matsayin abinci ce, mai lokaci da itace ko gas na tafasa.

Mai neman ƙiba ko cikar ƙugu, babu ɗaya daga cikinsu da zai biya masa bukata. Ma'auratan da suka shekara suna neman haihuwa kuwa, awon maniyyi da duba mahaifa a asibiti ne ya kamata su riga sayen kowace leda. Maniyyi na ɗaukar kusan wata biyu da rabi kafin ya kammalu, don haka wanda ya gwada maca bayan awon farko, sai bayan wata uku zai maimaita awon ya kwatanta.